Barcin Baba da Ƙahon Ƙarshe

A unguwarmu ta Bagama, in ana zancen nauyin barci, da mahaifina ake misali. Ma'aikacin gwamnati ne, aiki a Abuja, kwana a Suleja. Duk wanda ya san hanyar nan ya san in ba ka yi sammako ba, a cunkoson motoci rana za ta same ka, kana kallon Dutsen Zuma yana kallonka. Amma Baba ko a jikinsa. Injin markaɗen maƙwabta na ruri a jikin bangon ɗakinsa, shi yana ta munshari. Wata rana da tsakar rana akuya ta shigo ta cinye gefen tabarmar da yake kwance a kai, bai ko motsa ba.

Mutum ɗaya ce ta san kansa, Mama. Ba ta ihu, ba ta jijjiga. In ta ɗora ruwan shayi sai ta shiga ɗakin, ta kama babban yatsan ƙafarsa ta ja, ta ce, "Maigida, Abuja fa ba za ta zo nan ta same ka ba." Sai ka ga mutum ya tashi zaune yana laluben silifas. Mu yara duk mun gwada. Ni har na taɓa jan yatsan ya yi ƙara, abin da na samu kawai shi ne ya juya ɗaya gefen.

Bai daɗe da yin ritaya ba Mama ta rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya. Damina ce, ruwa ya cinye gadar ƙauyenmu, don haka a maƙabartar Kirista ta nan Suleja aka binne ta. Dangi suka yi 'yan gunaguni suka haƙura, tunda mace ce. Namiji kuwa a wurinmu ba a wasa da zancensa. Ko a ina ya mutu sai an ɗauko shi an kai shi gida, a kwantar da shi bayan gidan kakanninsa.

Ni ce babba, kuma ni na dawo gidan da zama don in riƙa kula da shi. Wata rana na taso daga makarantar da nake koyarwa, ko jaka ban ajiye ba ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya ce in ya mutu, kusa da Mama za a sa shi. Na ce to, amma wa zai tari dangi da wannan magana? Ya gyara zama, fuskar nan ba alamar wasa, ya ce, "Uwata, ranar tashin matattu in aka busa ƙaho, wa zai tashe ni a ƙauye?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na ga da gaske yake, sai raina ya ɓaci. Dattijon coci guda, mai wa'azi in fasto ya yi tafiya, shi ne da wannan magana? Na je na ɗauko masa fasto.

Faston namu matashi ne mai haƙuri. Ya zauna ya yi bayani tiryan-tiryan, cewa ƙahon nan ba irin na 'yan biki ba ne, babu kunnen da zai tsallake. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa gwada tashinsa daga barci. Fasto ya ce a'a, amma ai har waɗanda suka nutse a teku za su tashi. Baba ya ce waɗannan ai suna cikin ruwan sanyi, tashinsu ba wuya. Fasto ya shanye shayinsa ya yi mana addu'a ya tafi.

Na kai ƙara wurin maƙwabcinmu, wani Alhaji Bakano mai haya a jikin gidanmu, abokin hirar Baba. Ya ce su ma a wurinsu ba mai makara ranar da aka busa ƙaho. Na ji daɗi, na ce yawwa, a gaya masa. Sai ya ƙara da cewa amma shi da yake jin munsharin nan ta bango, yana ganin yin tanadi ba laifi ba ne. Wato na je neman mai kashe wuta, na samo mai fifita.

Daga nan Baba ya mayar da maƙabarta ofis. Ya nome filin da ke gefen kabarin Mama, ya jera masa duwatsu, ya shuka zogale a kusurwa. In aka yi rasuwa a coci, shi ne na farko a gidan makoki, kuma ta'aziyya ba ta gama fita bakinsa ba zai tambaya ta wane ɓangare za a haƙa. Kunya kamar in nutse.

Labari ya kai ƙauye. Ana gobe Ista sai ga yayansa, wanda muke kira Baba Babba, da buhun acca da fuska a murtuke. Dogon tsoho ne mai murya kamar ana mirgina ganga, kuma maganarsa ce doka a dangi. In ya ce a'a, to ranar da Baba ya cika za su zo da mota su ɗauke shi, ni 'ya mace sai dai kallo. A lokacin na daina ganin abin dariya, tsoro ya kama ni.

Suka yi ta yi a tsakar gida. Baba Babba ya ce ba a taɓa yi ba, kuma ba za a fara a kansa ba. Ya ce wannan barci sangarta ce, mace ce ta ɓata shi, ai da suna yara da ƙafa ɗaya yake tashinsa zuwa gona. Baba ya ce to shi ke nan, gobe ya tashe shi su je sujadar safe. In ya iya, a kai shi ƙauye, ba zai ƙara cewa uffan ba. Baba Babba ya ce ya yarda, kuma Alhaji ne shaida.

Gari na wayewa Baba Babba ya shiga ɗakin cikin farar rigarsa ta Ista. Ya kira suna. Ya daka tsawa. Ya jijjiga gadon har ƙafar gadon ɗaya ta goce. Ya gwada ƙafar nan tasa ta zamanin gona, ya kusa faɗuwa, na tare shi. Ya ce in kawo faranti da cokali, ya yi ta ƙwanƙwasawa a saitin kunne har karen maƙwabta ya kama haushi. Alhaji ya leƙo ta taga da carbinsa, ya ce shi dai ido ne nasa. Ana cikin haka matan zumunta na cocinmu suka biyo ta layinmu da tulunan kiɗa da kacau-kacau, suna waƙar tashin Almasihu, duk unguwa ta ɗauka. Baba ya ja wani dogon munshari kamar yana yi musu amshi.

Don kada a ce na ɓoye wani abu, na gaya wa Baba Babba dabarar yatsa. Ya ja, ya murɗa, ya sake ja. Daga ƙarshe ya ɗebo ruwa a randa ya sheƙa masa. Da ya ga ko gezau, sai ya tsorata, ya kara kunne a ƙirjinsa. Ya ɗago, riga ta jiƙe, hula ta karkace, ya zauna a bakin gado yana haki.

"Ku bar shi a nan," ya ce. "Mu a gida ba mu da mai wannan aikin."

Ya fice coci yana faɗa shi kaɗai. Ni na tsaya goge ruwa. Ƙarar rufe ƙofar gida ke da wuya, sai na ga ido ɗaya ya buɗe.

"Uwata, ya tafi? Miƙo mini tawul, ruwa ya shiga kunnena."

Saura kaɗan in maka masa tsumman da ke hannuna. Na ce haba Baba, da safiyar Ista, da furfurarka? Ya ce shi bai yi wa kowa ƙarya ba, kwanciya kawai ya yi. Na buɗe baki zan ci gaba, sai na ga yadda yake kallon ƙafarsa, na fasa. Ya ce tun da Mama ta tafi bai ƙara kai asuba yana barci ba, kafin zakara ya yi cara idonsa biyu.

"Ko tana nan ma," ya ce, "da safe ƙarar murfin tukunyarta ke tashina. Kwanciya nake yi ina jira ta zo. Ƙaho zan ji shi, na sani. Almasihun da ya tashi yau ba zai manta da ni ba ko a ina aka sa ni. Amma in na buɗe ido, ita nake so in fara gani."

Na zauna a jiƙaƙƙen siminti na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta. Shi kuma ya ce in na gama in haɗa masa shayi, don wannan aiki ya sa shi yunwa.

Ya ƙara 'yan shekaru, har zogalen nan ya fi shi tsawo. Da ya rasu, samarin dangi suka fara zancen neman mota. Baba Babba, wanda a lokacin sai da sanda, ya ce duk wanda ya ƙara ambaton ƙauye zai sha ta a gadon baya. A bakin kabari, bayan fasto ya gama, ya dogara ya juya wajen kabarin Mama, ya cire hula.

"Matarmu, ga kayanki mun kawo miki. Mu mun gwada, mun kasa. In an busa, ki ja yatsan da kyau."

Jama'a suka fashe da dariya, har fasto sai da ya rufe baki da hankici. Ni ma na yi, hawaye na zuba. Ban gaya wa kowa ba, amma da safiyar ranar, da masu shirya shi suka sa masa kwat ɗinsa ta zuwa ofis, sun ɗauko farar safa za su sa masa. Na karɓe na ce a bar ƙafar haka.