Takin Gonar Bayan Gida

Abin da Baba ya bari ba shi da yawa: gonaki uku, ɗorawa biyar, jaki ɗaya, da gidan da aka haife mu. Magada mu huɗu ne, ni da ƙannena maza biyu da ƙanwarmu da ke aure a Bici. Akwai na biyar wanda ba magaji ba, wato Yaya. Inna, Allah ya ji ƙanta, ita ta zo da shi gidan a goye daga aurenta na fari. Agola ne, amma ban taɓa jin Baba ya kira shi da haka ba.

A ciwon ajalinsa Baba ya kira liman da mai unguwa, ya ce gonar bayan gida ta Yaya ce, wasiyya. Ina wurin. Ƙannena ma suna wurin.

Lokacin fari ne. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, mata suna ta neman ganye a bakin gonaki. Ni ina Dawanau ina saye da sayar da hatsi, sana'ar da na fara da kwanon awo da buhun aro, don haka gidana bai kwana da yunwa ba. Ƙannena kuwa kowa da 'ya'ya, rumbu fayau. Ban yi mamaki ba da suka kai magana gaban alƙali bayan sadakar arba'in.

Ba su ƙaryata wasiyyar ba. Wani malami ne ya tuna musu cewa wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardar magada. Suka ce gonar ta fi sulusi.

A faɗi ba ta fi ba, ita ce ma ƙarama. Sai dai a wurinmu, inda gona ke jingine da gona kuma ba a barin ƙasa ta huta, taki ake saye, ba faɗi ba. Tun ina yaro, duk rani Yaya ke kora jaki zuwa birni da itace, ya dawo da mangala cike da toka da shara da kashin awaki, ya zuba tsibi-tsibi a gonar nan. Sauran biyun jigawa ne, suna da nisa, ba su samu wannan gata ba.

Alƙali ya turo dattawa su ƙimanta gonakin. Babbansu ya sara fartanya a gonar bayan gida, ya ɗebo ƙasa baƙa wuluk, ya murza a tafin hannu.

"Kai! Wa ya yi mata wannan hidima?"

"Ni ne, Baba," in ji Yaya.

"To, malam, ka yi wa kanka tsada."

Aka yi dariya. Shi ma ya ɗan yi. Ƙimarta ta kusa rabin gadon.

Da alƙali ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya ko mun yarda a bar masa abin da ya haura, na ce na yarda. Ƙanwarmu ta aiko cewa tana bayan 'yan'uwanta. Mai bi mini ya juyo ya dube ni.

"Alhaji, kai da ke kwana a kan buhu me zai hana ka yarda? Zo ka leƙa tukunyata."

Aka ja igiya. Yaya ya samu sulusi da ɗan kasona a kai, su suka ɗauki ragowar ta gefen gabas. Washegari suka dasa gamba a kan iyakar.

Damina ɗaya Yaya ya ƙara yi a gonar, ruwa ya sake ɗaukewa. Bayan kaka sai ga shi a rumfata, ya zauna a kan buhu bai cire takalmi ba.

"Gonar nan, ka saye ta."

Na ce a'a, ya ɗauki hatsi, in an samu ya mayar.

"Ban zo roƙo ba, ciniki na zo. Ba zan iya duƙawa ina kallon gambar nan ba. In ba ka saya ba, baƙo zai saya."

Na san gaskiya ya faɗa, don na san masu yawo a ƙauyuka suna neman gonar mai yunwa. Na saya a gaban mai unguwa, sama da yadda dattawa suka ƙimanta. Ya kwashe iyalinsa ya yi ƙasar Zazzau, inda aka ce ana samun ruwa.

Ƙannena suka ce dama shirina ke nan, na goyi bayan wasiyya ne don gonar ta faɗo hannuna. Na yi musu bayani sau ɗaya, ban sake ba. Daga ranar suka daina fito da kwanukansu zaure. Nakan shimfiɗa tabarma bayan magariba, a kawo tuwo, in ci ina jin muryoyinsu ta bayan katanga. Muna gaisawa a masallaci. In an yi haihuwa ana aiko mini goro, kamar yadda ake aika wa maƙwabci.

Na aika wa Yaya hatsi sau da yawa ta hannun direbobi, yana amsawa da godiya, amma bai sake tako garin ba. Labarin rasuwarsa ya iske ni bayan an riga an binne shi.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na ƙin lissafi. Na samu gona mafi kyau a unguwarmu, da halak ɗina. Na rasa Yaya, na rasa ƙanne biyu da suke nan da ransu. Wannan cinikin faɗuwa na yi.