Muryar da Ta Hana Ni Injin Ban Ruwa

A lokacin ina noman shinkafa a fadamar Kaoje, matashi ne ni mai saurin fushi, mai ganin ya ƙware a harkar waya. Na shiga wani shafin gwanjo inda ake taya kaya, wanda ya fi tayi ya ɗauka, shafin kuma ya riƙe kuɗin har sai mai saye ya tabbatar kaya sun iso lafiya. A nan na saye wani injin ban ruwa da arha, daga wani ƙauye a tsallaken iyaka, cikin Benin. Ɗan acaɓa ya kawo mini shi garin Bagudo, kusa da mu. Da na buɗe, sai na tarar da busasshiyar laka a cikinsa har da ƙananan katantanwa. Na yi ta jan igiyarsa, ya ƙi tashi.

Na shigar da ƙara a shafin, na haɗa da hotuna da zagin da har yau nake jin kunyarsa. Wata ma'aikaciyarsu mai sasanta masu saye da sayarwa ta ce za ta haɗa mu a waya mu uku. Da hantsi ta kira lambar da ke kan asusun mai kayan. Wani dattijo ya ɗauka, Hausarsa irin ta Dandawa, mutanen bakin iyakar nan. Bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce injin lafiyarsa lau ranar da ya rabu da shi, kuma shi bai ce a sayar ba, na yaransa ne, in yi wa Allah in mayar musu. Duk sanda ya yi shiru, sai in ji ruwa yana bugun wani abu kamar gefen kwalekwale. Ma'aikaciyar ta yanke cewa in mayar da inji, a dawo mini da kuɗina.

Da kaina na kai shi gidan mai kayan a ƙauyen, don ina son in ga idon dattijon. Matar gidan tana ganin injin ta zauna a ƙasa. Ta ce kwalekwalen mijinta ya kife a ambaliyar damina, an samu gawarsa an yi masa sutura, injin kuma sai da ruwa ya janye aka tono shi. Ƙanen mamacin ya amsa cewa shi ya saka shi a gwanjo ta asusun yayansa, alhali ba a raba gado ba. Amma ya rantse bai ɗauki kiran kowa ba, wayar da layin ke ciki tana aljihun marigayin ranar da kwalekwalen ya kife, kuma ba a same ta ba. Na kira lambar a gabansu, aka ce a kashe take.

Daga baya ma'aikaciyar ta gaya mini wataƙila wani dangi ne ya sake karɓo layin, don tausayin marayun. Ina so in yarda da ita, amma matar ta ce yadda na kwatanta maganar, haka mijinta yake magana.

Na koyi cewa ban san da wa nake faɗa a bayan waya ba. Ga mai sayen kaya a gwanjo, ka tambayi asalinsu, ka bar shafin ya yi sasanci, ka riƙe harshenka. Arhar da ta ruɗe ni, hakkin marayu ce.