Kat-kat ɗin Kawu da Saƙon Mutanen Zongo

Har yau idan na ga irin manyan motocin nan masu doguwar ƙafa, waɗanda a Lome muke kira kat-kat, sai in ji raina ya ɓaci haka kawai. 'Ya'yana sun san da haka, har tsokanata suke yi idan wata ta gifta. Ban taɓa zama na ba su labarin daga farko ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu. Aikinsa a tashar jirgin ruwa yake, yana fitar wa fataken arewa kayansu daga hannun duwan, wato kwastan. A can ya sayi motar wajen wani Bature da ya gama aikinsa zai koma gida. Fara ce, ƙatuwa, sai ka tattare rigarka kafin ka iya hawa. Ranar da ya shigo da ita Zongo sai da mai koko ta janye teburinta kafin motar ta shige lungunmu.

A shekarar ne na samu aikin koyarwa, bayan na daɗe a gida da takardata a ƙarƙashin katifa. An tura ni can ƙarshen arewa, Dapango. Sharaɗi ɗaya ne: in bayyana gaban sufeton makarantu ranar Litinin da za a buɗe azuzuwa. Wanda bai zo ba a ba wani gurbinsa, don masu jira sun fi guraben yawa. Zamanin jam'iyya ɗaya ne kuwa, idan ofis ya ce Litinin, to Litinin ɗin ce, babu wanda za ka kai wa ƙara.

Niyyata in shiga motar haya daga tasha, in kwana a hanya, in isa da wuri. Da Kawu ya ji, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Ɗan ƙanwata zai je karɓar aikin gwamnati cikin mota ɗaya da awaki, ina raye? Ni zan kai ka, Mushe. Su ga ka sauko daga kat-kat, su san kana da mutane."

Tun da aka ce na zama malami yake kirana Mushe, yadda ake kiran malami ko babban ma'aikaci da Faransanci. Na ce, "Kawu, an ce irin waɗannan motoci suna shan esansi, mai ba kaɗan ba."

"Wa ya ce? Wanda ba shi da ita. Kullum ina zuwa tasha da ita, har Bagida na je sayen kifi, allurar mai da ƙyar ta motsa."

Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne, shi kaɗai ne a ciki, a kan hanyar bakin teku wadda ko tudun tururuwa babu. Na kalli Mma, mahaifiyata, ko za ta sa baki. Ita kuwa fuskarta cike da murna, har ta fara yi wa yayanta addu'a.

Mma ta gaya wa maƙwabciya ɗaya tak, wai. Kafin la'asar Zongo duka ta san motar Kawu za ta arewa. A wajenmu idan kana da tafiya, tafiyar ba taka ba ce kai kaɗai. Kowa yana da 'ya a Sokode ko ƙane a Mango, kowa zai kawo saƙo, kuma ba a cewa babu wuri. Wanda ya mayar da saƙo, za a tuna masa har ranar jana'izarsa. Buhunan garin rogo suka fara zuwa, sai jarkokin manja, gishiri, kwandunan busasshen kifi, keken ɗinki, da wata katifa da aka naɗe da igiya. Da ciki ya cika aka hau sama, aka ɗaure kaya har suka kusa kai tsayin motar kanta. Ni da ake tafiyar domina, jakata a kan cinyata na riƙe ta.

Ranar Asabar muka tashi da sassafe. Kawu ya rufe gilasai, ya kunna na'urar sanyi, ya taka mota. A kowane shingen jandarma, da sun hango mu sai su ƙame su ɗaga sanda, suna zaton wani babba ne na jam'iyya. Kawu ya riƙa ɗaga musu yatsu biyu daga kan sitiyari, ya ƙara taka mai don kada ya ba su kunya. Ni idona na kan allura. Tun kafin Atakpame ta fara gangarowa a hankali, ba ta tsaya ba kuma.

"Kawu, allurar."

"Kaya ne. Da mun fara sauke saƙo za ta yi sauƙi."

Na yarda da wannan lissafin, don na manta yadda ake sauke saƙo. Ba a ajiye shi a bakin hanya. Sai ka shiga zongon garin, ka yi ta tambaya lungu-lungu, ka sa shi a hannun mai shi. Mai shi ba zai bar ka ka tafi ba sai ka ci abinci. Kana cikin ci maƙwabta za su ji cewa motar za ta arewa. A Atakpame muka sauke buhu biyu na gari, aka ɗora mana doya. A Sokode muka rabu da keken ɗinki, na yi hamdala, sai ga wani dattijo da rago, wai a kai wa surukinsa a Mango don suna. Aka tura ragon bayan kujerata. Ban ce komai game da awaki ba, amma Kawu bai yarda mun haɗa ido ba har muka bar garin.

A Sokode muka kwana. Lahadi muka shiga duwatsu, a nan motar ta nuna halinta. Tana hawa tana gurnani, iska tana dukan kayan da ke sama, allura kuwa kana iya ganin saukarta da idonka. Duk gidan man da muka gani sai mun tsaya. Kawu ya daina magana da masu zuba mai, sai dai ya tsaya yana kallon famfon kamar shi ya yi masa laifi. Na roƙe shi ya kashe sanyin nan ko ma samu ragi. Ya ce Bature bai sa shi don ado ba.

Bafilo ta cinye mana hantsi, Kara ta cinye mana yamma. Na ce a bar sauran saƙon, mu wuce Dapango, in ya so yana dawowa ya raba.

"Kifin mutane ya ruɓe a hannuna? Amana ce, Mushe. Gobe da asuba mu tashi, kafin sufetonka ya gama karyawa kana gabansa."

Da asubar muka tashi, ban musa ba. Amma gidan man Kara ya ba mu kaɗan ne, ya ce tanka ba ta zo ba. Na Kante a rufe yake. Wani ƙauye a gaba muka samu mata masu sayar da mai a kwalba, Kawu ya saye duk kwalaben da ke kan teburansu. Na tsaya ina kallo ana ɗura mata ɗaya bayan ɗaya, na leƙa, allurar ko gezau. Muka ci gaba. Rana ba ta yi zafi ba motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru, ta gangara gefen hanya ta tsaya. Babu gida, babu rumfa, sai gonakin dawa da ragon yana kuka a bayana.

Ba a jima ba wata babbar motar kaya ta tsaya. Na ɗauki jakata. Na ce, "Kawu, bari in bi su. Zan iya isa yau."

"To wa zai tsare kayan mutane in na tafi neman mai?"

"Ku zauna, ni in aiko muku daga Mango."

"Kai wa ka sani a Mango? Yau mai sai da sanayya. Ni in na shiga, kafin ka gama istigfari na dawo. Sa'an nan mu shiga Dapango da mutuncinmu."

Raina ya kai wuya. Amma mutumin da ya ciyar da ni ya sa ni lakwal, makarantar boko, ne yake tsaye a rana, jarka a hannu, direban motar kaya kuma yana danna ƙaho. Na ajiye jakar. Kawu ya hau, har ya sa aka miƙa masa ragon, wai tunda hanya ce.

Ragon nan shi ya ƙarasa ni. Ashe ranar ce sunan. Mutumin da ya kawo ragon suna daga Sokode ba a barinsa ya juya daga ƙofa. Sai da aka yanka, aka yi addu'a, aka ci, kana aka shiga neman mai gida-gida. Ni ina zaune a inuwar mota ina gadin manja da katifa, motoci suna wuce ni zuwa arewa, har inuwar ta koma ɗaya gefen. Sai bayan la'asar ya dawo a bayan babur da jarka biyu da ƙunshin nama, wai rabona.

Talata da safe na shiga ofishin sufeto. Matashi ne, bai girme ni sosai ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya jira ni jiya har aka tashi, yara ba za su zauna babu malami ba, an ba wani. Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi mini wulaƙanci ba. Na fito, na shirya maganganun da zan gaya wa Kawu, waɗanda nake tarawa tun Atakpame.

Ya ga fuskata kawai, ya wuce ni ya shiga ofishin. Na bi shi. Kawu, wanda manyan duwan ke miƙe wa a tasha, ya cire hularsa ya durƙusa a kan siminti gaban yaron da a haife ya haife shi. Da guntun Faransancinsa yake roƙo, in ya ƙare masa ya koma Mina, yaren mutanen Lome.

"Mushe, laifina ne. Yaron ba shi da laifi. Ni na hana shi. Maraya ne, ka hukunta ni."

Sufeton ya zagayo da sauri ya kama hannunsa ya tashe shi, kunya ta rufe shi. Ya ce wallahi ba shi da yadda zai yi, wancan ya riga ya shiga aji.

Muka fito. Kawu ya zauna a matakalar ofishin, hular tana hannunsa, ya manta bai mayar ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Me zan gaya wa uwarka?"

Na zauna kusa da shi, na ce Kawu ku yi haƙuri, ba rabona ba ne, Allah zai kawo wani. Wani bai zo ba, ban taɓa tsayawa gaban allo ba a rayuwata. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau ke nan: aikina ne ya tafi, kuma ni ne na ba shi haƙuri.