Shekarar da Muka Raka Sanyi Sau Biyu

A unguwarmu, a wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe, sanyi ba ya tafiya don kansa sai an raka shi. Mai faɗin ranar rakiyar kuwa kakata ce, mahaifiyar babana. Ba ta sauraren rediyo a kan wannan batu. Kwalbar man shanu gare ta, rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta. Kowace safiya in ta sallame salla sai ta sauko da ita ta karkata. In man yana barci, ya daskare a gindi, sanyi na nan. Ranar da ya farka ya gangaro bakin kwalba tun rana ba ta fito ba, ranar ce ake rakiya.

Rakiyar ba wani babban biki ba ce, amma mu yara muna ɗokinta kamar salla. Kowane ɗaki za a kwashe tokar wutar jin ɗumi a zuba a tsohon kasko. Ƴammata su ɗauka a ka, ana kiɗan ƙwarya, har gindin wani gawo da ke arewacin gari. Can za mu zubar, mu ce wa sanyi ya gaida mutanen gidansu. Daga nan mata su wanke barguna a bakin rijiya, a shanya, a ninke, a kulle a akwati. Da rana a ci dambu da zogale, a sha fura da ruwan randa, wadda aka hana mu tun shigowar sanyi.

Mutum ɗaya ne ke ja da Kaka. Wani tsoho ne makiyayi, Buzu, da ke sauka da iyalinsa a gonarmu duk rani don dabbobinsa su ci kara su bar mana taki. Baba mai raƙumi muke ce masa. Shi ma yana da nasa ma'auni: sai gashin wuyan raƙuminsa ya fara zuba yake yarda sanyi ya yi nisa. Shekara da shekaru suna wannan gardama a ƙofar gida, ita a kan tabarma, shi a tsugune yana dafa shayi.

"Tsohuwa, kwalba ba ta kwana a daji," in ji shi. "Mi ta sani?"

"Raƙuminka kau ko ruwa bai san lokacin sha ba, balle sanyi," in ji ta.

Shekarar da nake ajin ƙarshe na lakwal ɗin firamare, na shiga tsakaninsu ba da saninsu ba. Dalili kuwa wata tirko ce. Babana ya sayo mani ita a kasuwar Mayahi, rigar sanyi ta maza, ruwan ɗorawa, hannuwanta sun wuce yatsuna, gindinta na dukan gwiwata. Dokar Kaka ita ce ba mai fita ba rigar sanyi sai an yi rakiya. Ga shi yayar ƙawata za ta yi aure a wani ƙauye gaba da namu, saura kwana huɗu a kai amarya, an ɗinka mani riga da zane na atamfa sababbi. Na tambayi Kaka ko za ta ɗaga mani ƙafa ranar.

"Ki sa atamfarki," ta ce, "ki ɗora tirko a sama. Wanda ke son ganin atamfa ya tambaye ki."

Kwana biyu ina leƙa kwalbar nan, man ko motsi. Rana kuwa ta fara zafi da hantsi, mangwaron makwabta ya yi fure, ƙadangaru sun cika katanga. Na ce a raina sanyi ai ya riga ya ɗaure kayansa, man ne kawai mai nauyin barci. Taimaka masa zan yi.

Washegari Kaka ta fita alwala da ruwan ɗumi, ta bar sauran a tukunya. Tana tayar da salla a tsakar gida na sauko da kwalbar na tsoma ta a ruwan. Ban daɗe ba man ya saki. Don kada ta ji ɗumi a hannu, na yi maza na tsoma ta a randa, na goge da bakin zane, na mayar a ƙusa. Na koma na kwanta ina numfashin mai barci.

Na ji ta sauko da kwalbar. Sai ta ce, "Ikon Allah. Bana da wuri ya tashi." Ta taɓa ƙafata. "Ke, tashi ki gaya wa matan unguwa su kwashe toka."

Aka yi rakiya ranar, ni ce ma a gaba da kasko. Baba mai raƙumi yana tsaye a bakin gona muka wuce. Da muka dawo ya biyo mu har ƙofar gida, ya ce wa Kaka ko sili ɗaya bai faɗo daga wuyan raƙuminsa ba. Ta ce to ya saya masa tirko. Mata suka yi dariya, aka miƙa masa dambu, ya ci ya yi godiya, ya ce shi dai nasa barguna suna nan a shimfiɗe.

Ranar kai amarya sanyi ya dawo. Ban taɓa jin irinsa ba. Da asuba ruwan buta kamar ya yanke yatsu. Na sa atamfata, na hau amalanke da sauran ƴammata, kafin mu fita gari haƙorana sun fara kaɗawa. Duk wanda na so ya ga ɗinkin bai gani ba, don yini na yi a bakin murhun masu tuwon biki, lulluɓe da tsohon zanen wata mata da ta ji tausayina.

A gida abin ya fi haka. A al'adar unguwar, in an raka sanyi ba a sake buɗe akwatin barguna, wai kamar kiran baƙon da ka sallama ne. Sauran gidaje suka buɗe nasu a ɓoye. Babana ma ya ciro nasa, ya roƙi Kaka ta bari a ciro nata. Ta ƙi. Ta ce wannan ba sanyi ba ne, iska ce mai wucewa. Da ta hango Baba mai raƙumi tafe da hantsi, naɗe da rawani har ido, sai ta fito ƙofar gida da zane ɗaya, ta ɗauki mafici tana fifita.

"Tsohuwa, ina kwana? Ya zafi?"

"Zafi alhamdu lillahi," ta ce, leɓenta na rawa.

Ya zauna ya hura gawayi, ya tura mangal ɗin shayin da garwashinsa kusa da ƙafarta kamar bai lura ba. Ita ma ba ta janye ƙafar ba.

Kwana uku a haka ta kama tari. A nan wasa ya fita daga raina. Ina jin tarin daga madafa, kowane ɗaya kamar ni ake kira. Da rana na kai mata kunu, na durƙusa, na kasa tashi.

"Mi ya faru?" ta ce.

"Kaka, ni na tada man. A ruwan alwalarki na tsoma shi."

Ta ajiye ludayi ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai na ji ta sauke ajiyar zuciya.

"Ashe kwalbata ba ta yi ƙarya ba."

Kwana ukun nan, ba sanyi ne ya fi damunta ba. Tana ganin ma'aunin da ta gada wurin uwarta ne ya lalace a hannunta, ko kuwa idonta ne ya fara yaudararta. Ta sa na ba ta labarin daga farko. Da na zo wurin tsoma kwalba a randa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce da a ce da irin wannan wayo nake karatu da na wuce kowa a lakwal. Sannan ta ce in ɗauko makulli in ciro mata bargo biyu, tunda rakiyar ƙarya ba ta hana buɗe akwati.

Hukuncina ɗaya ne. Ni da bakina zan faɗa wa matan unguwa, gida gida, sannan in faɗa wa Baba mai raƙumi. Na mata bai yi wuya ba, don yawancinsu daɗi suka ji, suka daina ɓoye bargunansu. Wata ma cewa ta yi ai dambun ya yi daɗi, ba a yi asara ba.

Na tsohon ne na ji nauyi. Kaka ta yafa bargo ta raka ni har bukkarsa, wai don kada in rage komi. Na tsaya gabansa na faɗi duk abin da na yi. Ya saurara yana juya shayi daga kofi zuwa kofi.

"Ka dai ji," in ji Kaka. "Ba raƙuminka ne ya ci ni ba. Jikata ce."

"Na ji. Amma da a ce da raƙumi kike aiki da ba ta iya tsoma shi a tukunya."

Suka ci gaba daga inda suka tsaya, kamar ba ni a wurin. Sai bayan sati uku man ya farka da kansa, kwana biyu tsakani gashin raƙumi ya fara zuba, kowa ya ce nasa ne daidai. Aka sake rakiya, wannan karon a bayan layi aka sa ni.

Muna dawowa daga gindin gawo Baba mai raƙumi ya kira ni. Ya tambaye ni, fuskarsa ba alamar wasa, ko ina da wata dabara ta ruwan sama, don in damina ta yi jinkiri bana ni za su aika in taso ta. Na ce masa na tuba. Ya ce kada in yi saurin tuba, in bari a ga yadda shuka za ta kasance tukuna.