Yadda Zogalena Ya Ramar da Mijin Maƙwabciya

Ko me zan manta a zamanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ban da yaƙin da na yi da kitsen jinin maigidana. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ce, kowa zancensa siyasa, ni kuwa zancena man shanu.

Wani likita ne a Tarauni ya auna jininsa, ya ce kitse ya yi yawa, yana neman toshe hanyoyin zuciya. Ko dai ya gyara cimarsa, ko ya kama shan ƙwaya har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin nawa kuwa ko maganin ciwon kai sai an kai ruwa rana yake haɗiyewa, nan take ya ce ya zaɓi gyaran cima. Ni dai na tsorata ƙwarai, don ciwon zuciya ne ya ɗauke mahaifinsa ana zaune ana hira.

Sai na ɗaura ɗamara. Na sallami man shanu, na rage manja, ganda da kayan ciki na ce sai wani jiƙon. Muka koma tuwon dawa da miyar kuɓewa, kwaɗon zogale, wake da kifi. Kullum bayan magariba a kai masa kwanonsa ƙofar gida, inda magidantan layinmu ke baje tabarma su yi ciyayya, kowa da abincin gidansa. Kwano kuma ya dawo tas. Har cika baki nake, wai ba a taɓa majinyaci mai jin magana kamar nawa ba.

Da aka koma awo, kitse na nan daram, har da ƙari. Likita ya ce saura dama ɗaya. Na dawo gida na rasa inda gizo ke saƙar, har sai da Hajiyar da muke katanga ɗaya ta leƙo barka da rana.

"Allah ya saka miki da alheri," in ji ta. "Tun da Alhaji ya kama cin zogalen nan naki, tumbinsa ya sauka. Har tela ya rage masa wando."

"Wane zogalen nawa, Hajiya?"

"Au, ba ki sani ba? Ai nawa ne ke share kwanonki. Naki kuwa miyata ya fi so. Jiya ma aikowa ya yi a ƙara man shanu."

Ashe mijin wata nake ta jinya! Da na tare maigidan, ko gezau. "Haba, ya za a buɗe kwanon maƙwabci in janye hannu? Ai sai a ce na raina girkin gidansa." Na so in yi faɗa, amma gaskiyarsa ce. Hana shi fita ciyayya kuwa, ya fi masa shan ƙwaya ɗaci.

Washegari na yafa mayafi na bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya, na gaya wa matan halin da ake ciki ba ɓoye-ɓoye. Ashe kowace na da nata mai tumbin da ke damunta. Muka ƙulla. Daga ranar, duk kwanon da zai fita ƙofar gida a rage masa mai, a cika ganye.

Mazan ba su gano ba. Ta taga na jiyo wani dattijo yana cewa, "Wannan mulkin farar hula sai addu'a. Ko man shanu ya gagari talaka!" Sauran suka ce wallahi kuwa. Muka bar gwamnati da ɗaukar laifinmu.

Ranar awo na ƙarshe ta zo. Likita ya duba, ya yi murmushi, ya ce babu zancen ƙwaya. Maigidan ya gyara hula ya ce ai shi mutum ne mai haƙuri da abincin matarsa. Ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido.

Yau ga shi nan da furfura, ya wuce shekarun da mahaifinsa ya yi a duniya, yana ta gardamar siyasa a kan tabarmar nan. Abin da na koya shi ne, mutumin da ke cin abinci da maƙwabta, tukunyar gidansa kaɗai ba ta warkar da shi. Sai da na gyara girkin layi guda kafin na tsira da mijina.