Ɗigon Koren da Auta Ta Daina Gani

Ƙanwata Auta ta tsufa a ɗakin gwaje-gwaje, kanta sunkuye a kan madubin ƙara girma. Ba likita ba ce, kuma tana tsawata wa duk wanda ya kira ta haka. Aikinta ta rina ƙwayoyin halitta, ta leƙa, ta ɗauki hoto ta miƙa wa shugabar sashensu. Ɗakin ba taga, ga sanyi kamar cikin firji.

Ta taɓa yi mini bayanin abin da take nema. Idan ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai ta raba kayan gadonta daidai, wasu siraran zaruruwa su kama kowane ƙunshi su ja. Akwai wani sinadari, furotin, mai gadi da ke zama daidai inda zaren zai kama, ya hana rabuwa har sai an kama duka. Da an gama sai ya tashi. Shi take shafa wa koren rini, ya fito ɗigo-ɗigo. Don ya zauna a yi masa hoto, sukan zuba wani magani da ke hana zaren kamawa.

Bara ɗigon ya ɓace mata. Ta leƙa, ta goge tabarau, ta sake leƙawa, sai jefi-jefi take ganinsa. A irin shekarunta mahaifiyarmu ta makance, kuma mai aikin ido in idon ya tafi, aikin ya bi shi. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai da na ga zobe yana yawo a yatsanta saboda rama na ritsa ta a kicin, ta faɗa.

Na ja ta wurin likitan ido. Ya ce lafiya lau, tabarau kawai za a canja. Muna fita ta ce haruffan bangonsa ko jaki zai karanta, ita abin da take kallo ya fi ƙwayar gishiri ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

"To ki sa wani ya leƙa mana," na ce.

"Yaya, in shi ya gani fa?"

"Sai ki san kin makance, ki daina cinye kanki a tsaye."

Wanda ke kusa da teburinta shi ne Dogo, kuma sun daɗe ba sa ga maciji saboda wata kujera mai juyawa. Haka ta haɗiye girman kai ta kira shi. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya ɗago ya ce in makanta ce, to su nemi sanda biyu, don shi ma bai ga komai ba.

Suka bi sawu har kan kwalbar maganin. Ashe lokacin da aka gyara firji kwalbar ta yini a waje, aka mayar ba wanda ya kula, ƙarfin maganin ya mutu. Zaruruwa sun kama abinsu, mai gadi ya gama aiki ya tashi. Ba ya nan, shi ya sa ba ta gan shi ba.

Da aka haɗa sabon magani ta kira ni da rana tsaka, abin da ba ta saba ba. Ta ce ga ɗige-ɗigen nan reras, kore shar, har mai dishi-dishin da ke can gefe tana gani. Na ce madalla, ta biyo da yamma ta ci abinci kamar mutum. Ta zo, ta ci, ta nemi ƙari. Har yau tana bakin aikinta.