Yaya Habibu da Kafet Mai Wari

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Habibu makwancinsa a nan Dubai, kuma har yau in na tuna shi dariya ce take riga hawaye zuwa. Ba ɗan'uwana ba ne na jini. Shi Bakano, ni Bazazzage, don haka tun ranar da na fara aiki a ƙarƙashinsa ya sanar da kowa cewa Allah Ya ba shi bawa. Ni ma ban taɓa ƙyale shi ba, amma ko a bayan idonsa ban iya kiran sunansa gatsau.

A ofishin sayayya na wani kamfanin ƙera motocin alfarma muke aiki, reshen da ke kula da ƙasashen nan na Larabawa. Motocin daga Turai ake kawo su, amma akwai kayan da a nan muke sa a yi mana, kamar akwatunan katako na kayan gyara, da mayafin rufe mota, da kafet ɗin ƙasan mota mai jure yashi. Mu ke zaɓen masu yi, mu yi ciniki, mu bi sawun kayan. Mutanen gida sun ɗauka Yaya kullum a sabuwar mota yake, alhali tsohuwar motarsa sai an lallaba ta take ba da sanyi.

Ina da wata shida a aiki ya tafi hutu Kano, aka damƙa mini cinikina na farko, na kafet. Mai yin sa wani dattijo ne ɗan Sudan, Ammu Usman, mai ƙaramar masana'anta a unguwar masana'antu ta Dubai Investments Park. Ni kuwa a kasuwar Naif na koyi ciniki, inda nake raka baƙi daga gida sayen jakunkuna da takalma. Can dokar ɗaya ce: ka taya ƙasa, ka ɗaure fuska, ka juya kamar za ka tafi, a kira ka. Haka na yi wa dattijon nan. Sau biyu ina tashi ina nufar ƙofa, a na uku ya ce, "Khalas, shi ke nan," ya sa hannu. Na koma ofis ina jin kaina kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

Da Yaya ya dawo na miƙa masa takardar ina jiran yabo. Ya duba, ya ɗago ya dube ni.

"Ka tambaye shi inda zai cire?"

"Ya cire me, Yaya?"

"Abin da ka rage masa mana. Mai kaya ba ya faɗuwa don ya faranta maka. In ka matse shi a nan, zai rage maka a can, inda idonka ba ya kaiwa."

Na ce a raina hassadar Bakano ce kawai. Sai ga watan Agusta ya kama, da zafinsa da ke sa mutum ya kasa taɓa sitiyari. Gam ɗin da ke ƙarƙashin kafet ya fara narkewa. Mutum ya zuba dukiya ya sayi mota, ya buɗe ƙofa, wari kamar na ƙonanniyar taya ya tare shi. Ranar na gane cewa araha ba ta ado. Shugabar sashenmu, wata Baturiya da ba ta san wasa ba, ta ce za a sallami masana'antar, sannan a duba zamana a aikin. A Dubai kuwa in aiki ya tafi biza ta bi shi. Ga Maryam matata ba ta fi wata uku da zuwa ba, da tsohon ciki, mun kama ɗan gida a unguwar Abu Hail ko labule ba mu gama sawa ba. Na tsorata ƙwarai.

Yaya bai yi mini faɗa ba. Da tsakar rana ya tsaya a kaina ya ce, "Yalla, Bazazzage, tashi mu je ka ga aikinka."

Al'adarsa ce ba ya sanar da mai kaya zai zo, kuma lokacin cin abinci yake zuwa. Muka tarar da ma'aikata a zaune a ƙasa, ya tuɓe takalmi ya sa hannu a farantinsu kamar tare suka taso. Sai da ya ƙoshi ya ɗauki kafet guda, ya juya bayansa, ya sansana. Ya tambayi Ammu Usman cikin ladabi, dattijon kuma bai ɓoye ba. Ya ce ya sauya gam ne zuwa mai sauƙi, don farashin ba zai ɗauki na da ba.

"Wallahi ɗanka ya matse ni, habibi. Na ji tsoron in ce a'a ku tafi wurin wani, yaran nan su rasa aiki."

Yaya ya ce da ni wanda ya ɗaure shi zai kwance. Nan na zauna ina roƙon mai kaya ya ƙara mini kuɗi, shi yana jin kunya yana ragewa, ni ina ƙarawa. Ma'aikata suka yi ta dariya, Yaya har da riƙe ciki, yana cewa a zo a ga cinikin Zagezagi. Aka koma gam na asali, muka shanya sabon kafet mako biyu a rufin wurin ajiye motoci, bai ko motsa ba. Ba a kore ni ba, ba a sallami Ammu ba. Na ɗauka bayanin da na tsara wa shugaba ne ya yi tasiri, har na yi wa Maryam alfahari da iya Turancina.

Yau aikin ya sauya. Na'ura ce ke ba masu kaya maki, ta shafa wa wannan kore ta shafa wa wancan ja, taro kuma ta bidiyo ake yi kowa na zaune a ofishinsa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai yaba saurin, don ba mai ƙin sabon abu ba ne, sannan ya tambaya ko na'urar tana da hanci. Motocin lantarkin nan marasa ƙara kuwa, na tabbata zai ce sun dace da mai gudun surukai.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi mako biyu ba. Bayan rasuwarsa aka ba ni kujerarsa da takardunsa. A fayil ɗin Ammu Usman na ga wasiƙar da ya rubuta wa shugaba a makon nan na wari. Ya ce laifin nasa ne, shi ya bar sabon ma'aikaci da ciniki ba tare da ya koya masa ba. Ya nemi a mayar da masana'antar ƙarƙashin sunansa, duk aibin da ya sake fitowa a rubuta a kansa. A ƙasa shugaba ta amince, ta kuma rubuta cewa an janye sunansa daga ƙarin girman da zai kai shi babban ofis a Turai. Mu kuwa ce mana ya yi shi ya ƙi tafiya, wai ba zai zauna garin da ba rana ba tuwo ba. Na zauna da takardar a hannu ina dariya ina kuka.

Bai bar gini ba, bai bar suna a allo ba. Amma masana'antar Ammu tana nan, ɗansa ke riƙe da ita, kuma 'yar da Maryam ta haifa a waccan shekarar bana take shiga aji shida a garin da na kusa barinsa da kunya. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, to nasa a kanmu ya faɗo. Allah Ya jiƙan Yaya Habibu, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Shekara uku muka ƙara yi tebur da tebur bai bari na sani ba, balle in gode masa. Godiyar ce nake yi yau a gaban jama'a, ko da yake na san da yana nan cewa zai yi in rage surutu in tashi in je in duba kaya.